Babi na Biyar: Mazauna Laka Masu Rayuwa da Haidirojin

A watan Nuwamba na 1776, Alessandro Volta, ɗan Italiyan nan da ya ƙera batirin farko daga baya, ya shiga kwale-kwale a tafkin Maggiore yana caka sanda cikin lakar bakin ruwa. Duk inda ya caka sai kumfa ta taso. Ya tara iskar a kwalba, ya kanga mata wuta, ta kama da shuɗin harshe. Iskar nan ita ce metan, wadda ta fi yawa a cikin gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa. Volta ya lura tana fitowa ne inda ganye da ciyawa ke ruɓewa a ƙarƙashin ruwa, amma bai ga mai yin ta ba. Sai bayan shekara fiye da 100 aka tabbatar cewa aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. A yau ana ƙiyasta suna samar da metan kimanin tan biliyan 1 a kowace shekara, a fadamu da gonakin shinkafa da ƙasan tafkuna da juji da cikin dabbobi.

An daɗe ana lissafa su cikin bakteriya, har zuwa 1977 da Carl Woese da George Fox na Jami'ar Illinois a Amurka suka nuna cewa zuriyarsu daban ce, reshe na uku na halittu wanda yanzu ake kira arkiya. Oksijin guba ce gare su. Yawancinsu ba sa cin sukari, ba sa cin mai, ba ruwansu da hasken rana. Abincinsu iska biyu ne: haidirojin da kabon-dayoksaid. Suna haɗa haidirojin huɗu da kabon-dayoksaid ɗaya, su fitar da metan ɗaya da ruwa biyu, kuma da ɗan ƙarfin da ke fita daga wannan haɗi suke gina jikinsu su hayayyafa.

Ƙarfin kuwa kaɗan ne ƙwarai. A takarda, idan haidirojin ta cika wuri, haɗin yana ba da kilojul 131 a kan kowane mol na metan. Jikin ɗan Adam kan sami kusan 2,870 daga mol ɗaya na sukarin gulukos. To a cikin laka ma haidirojin ba ta cika wuri. Matsinta bai cika wuce faskal 10 ba, alhali iskar da muke shaƙa tana da matsin faskal kusan 100,000. A irin wannan ƙaranci, abin da ke fita kan sauko zuwa kilojul 40 ko ƙasa da haka. Ita kuwa ATP, sinadarin da kowace ƙwayar halitta ke ajiye ƙarfi a cikinsa, tana bukatar aƙalla kilojul 50 kafin a ƙera mol ɗaya. Wato sai halittar ta yi metan sau biyu ko fiye kafin ta tara abin yin ATP guda. Rayuwa ce ta hannu baka hannu ƙwarya, kuma duk wani abin mamaki da ke cikin jikinsu daga wannan talauci ya samo asali.

Haidirojin ɗin ma ba su ke yin ta ba. Bakteriyar da ke narka ganye da itace a inda babu oksijin su ke fitar da ita a matsayin shara, kuma in ta taru sai aikinsu ya tsaya cik. Masu yin metan ke kwashe ta tun ba ta taru ba. Kusancin ɓangarorin biyu har ya yaudari masana: tun wajen 1940 ana renon wata halitta mai suna Methanobacillus omelianskii a ɗakunan bincike, ana ɗauka ita kaɗai ke mai da itanol ya koma metan. A 1967 Marvin Bryant da Ralph Wolfe da abokan aikinsu suka gano ashe halittu biyu ne a cakuɗe, ɗaya na fitar da haidirojin, ɗaya na shanyewa, kuma ta farkon ba ta iya ci gaba da cin itanol in babu ta biyun.

Sai dai haidirojin ba ta da saurin ba da kai. Atam biyu ne riƙe da juna da ƙarfi, har ana iya cakuɗa ta da oksijin a kwalba su zauna shekara da shekaru ba abin da ya faru, sai in tartsatsi ya gifta. A masana'antu, da ƙarfe mai tsada irin filatinam ake lallashinta. Ƙananan halittu kuwa suna da enzayim na wannan aiki, haidirojinas, wanda Marjory Stephenson da Leonard Stickland suka bayyana a Kambirij a 1931, suna bincike a kan lakar kogin Ouse da ruwan dattin wata masana'antar sukari ya gurɓata. (Stephenson na ɗaya daga mata biyun farko da aka shigar ƙungiyar masanan kimiyya ta Royal Society, a 1945.) Aikin enzayim ɗin shi ne ya raba haidirojin, ya saki furoton cikin ruwa, ya riƙe elektaron biyu ya miƙa su ga mai ɗauka.

Abin da ke tsakiyarsa sai da ya ɗauki rabin ƙarni kafin a sani, kuma ta bayan gida aka shigo masa. A 1979, a ɗakin binciken Rudolf Thauer da ke Marburg a Jamus, an tarar masu yin metan ba sa girma sai da nikel. Abin da ya ɓoye wannan bukata tsawon shekaru shi ne, kayan ƙarfen da ake renon su a ciki suna sakin ɗan nikel cikin ruwan ba da sanin kowa ba. A 1981 aka nuna haidirojinas ɗinsu na ɗauke da nikel. A 1995 masana a Grenoble ta Faransa suka fitar da siffar irin wannan enzayim daga wata bakteriya, aka ga atam ɗin nikel da na baƙin ƙarfe kafaɗa da kafaɗa, can a binne a cikin furotin. Ba a jima ba aka gano wasu abubuwa uku da ke maƙale da baƙin ƙarfen: sayanaid biyu da kabon-monoksaid ɗaya. Na farkon shi ne gubar ɗanyen rogo mai ɗaci, na biyun shi ne abin da ke kashe mutane in an kunna janareta a rufaffen ɗaki. Halittar da kanta take ƙera su, ta dasa su a wurin, don su riƙe baƙin ƙarfen a yanayin da zai iya kama haidirojin. Daga wannan cibiya zuwa wajen furotin ɗin an jera wasu ƙananan ƙulle-ƙulle na baƙin ƙarfe da farar wuta, elektaron na tsallakawa daga wannan zuwa wancan har ya fita.

Haidirojinas ba iri ɗaya ba ne a jikin masu yin metan. Akwai Frh, akwai Mvh, akwai Eha da Ehb da Ech da Vht, dukansu na nikel da baƙin ƙarfe. Dalilin yawansu shi ne kowanne da wanda yake miƙa wa elektaron, kuma masu ɗaukar ba matsayinsu ɗaya ba.

A nan dole mu ɗan tsaya a kan ma'auni. Elektaron kamar guga yake a bakin rijiya: in an sake shi ƙasa yake nufa, kuma nauyinsa na iya jan wani abu a hanya, amma ba ya hawowa sai an ja. Masana na auna tsawon wurin da milibolt, kuma a al'adarsu lambar da ta fi nisa ƙasa da sifili ita ce ta fi tsawo. Haidirojin na kan −414. Duk mai ɗaukar da ke ƙasa da nan, misali −360 ko −140, zai karɓa cikin sauƙi. Wanda ke sama, kamar −500, sai an kashe ƙarfi.

Mafi shahara cikin masu ɗaukar shi ne F420, wanda aka bayyana a ɗakin binciken Wolfe a 1972. Yana shan haske mai tsawon zango na nanomita 420, ya mai da shi shuɗi-kore. Saboda haka in aka ɗiga ruwan laka a ƙarƙashin madubin ganin ƙwayoyin halitta aka haska da irin wannan haske, masu yin metan kan yi ƙyalli su fita daban da sauran, kuma har yau da haka ake saurin gane su. F420 na zaune wajen −360, yana ɗaukar elektaron bibbiyu, Frh ke loda masa. Ba masu yin metan kaɗai ke da shi ba. Ƙwayar cutar tarin fuka ma na da shi, kuma sababbin magungunan nan biyu, delamanid da pretomanid, ba sa zama guba gare ta sai wani enzayim nata mai aiki da F420 ya taɓa su. Waɗanda suka fara tace shi daga mazauna laka ba su da masaniyar zai shafi asibiti.

Na biyu shi ne feredoksin, ƙaramin furotin mai ƙullin baƙin ƙarfe da farar wuta, wanda aka fara ganowa a 1962 a cikin wata bakteriya. Kowane ƙulli elektaron ɗaya yake ɗauka, kuma a jikin masu yin metan yana aiki ne can sama, wajen −500, sama da haidirojin kanta. Mu riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Kafin nan, ga wani haidirojinas da ya fita daga sahun 'yan'uwansa. A 1990 ɗakin Thauer ya ba da rahoton Hmd, enzayim mai raba haidirojin wanda ba a sami nikel a cikinsa ba, ba a kuma sami ƙullin farar wuta ba. Shekara fiye da goma ana koyar da cewa haidirojinas ne marar ƙarfe ko kaɗan. A 2004 aka lura haske na kashe shi, da aka bi sawu sai ga atam ɗaya na baƙin ƙarfe riƙe da kabon-monoksaid biyu. Seigo Shima da abokan aikinsa suka fitar da siffarsa a 2008. Waɗanda suka yi kuskuren su suka gyara abinsu, kuma wannan ya fi mini armashi a kan a ce sun dace tun farko. Amfanin Hmd ga halittar a bayyane yake: in nikel ya yi ƙaranci a muhalli, sai ta rage ƙera Frh ta yawaita Hmd, wanda da taimakon wani enzayim yake loda wa F420 elektaron ba tare da nikel ba. Ɗan nikel ɗin da ya rage sai a adana shi don inda ba makawa.

Yanzu ga yadda hanyar take. Ana kama kabon-dayoksaid a ɗaura shi a kan wani sinadari mai suna metanofuran, daga nan a miƙa shi ga metanofterin, sannan ga ko-enzayim M, wanda aka gano a 1971 kuma shi ne mafi ƙanƙanta cikin duk ko-enzayim da aka sani. A hanya ana cire masa oksijin ana ƙara masa haidirojin. Matakai biyu na tsakiya F420 ke biya musu bukata, gangara ce. Wajen miƙawa daga metanofterin zuwa ko-enzayim M akwai wani enzayim a jikin tantanin da ya kewaye ƙwayar, Mtr, wanda ke amfani da ƙarfin da ya fita ya tura sodiyam biyu waje. Dawowar sodiyam ciki ita ke juya injin ƙera ATP. A mataki na ƙarshe, enzayim MCR, mai ɗauke da nikel a cikin wani rawayan sinadari F430, yana sakin metan, ya bar ko-enzayim M ɗaure da ko-enzayim B ta farar wutarsu. Sai an kwance wannan ɗauri da elektaron biyu kafin a sake zagayowa, kuma yana can ƙasa, a −140.

A nan gizo ke saƙar. Mataki na farko, ɗaura kabon-dayoksaid a kan metanofuran, yana bukatar elektaron daga feredoksin, a −500 ko sama. Haidirojin ba ta kai can ba. Ta ina ake samun ƙarfin jan elektaron sama tun kafin a ci moriyar komai? An daɗe ana zaton sodiyam ɗin da aka tura waje ne ke dawowa ta Eha ko Ehb ya yi jan. Amma lissafi ya ƙi fita: a yawancin masu yin metan, Mtr ne kaɗai famfon da aka sani, kuma in sodiyam biyun nan suka tafi wajen biyan mataki na farko, babu abin da zai rage na ATP. Halitta za ta yi ta aman metan ba ta ƙaru da komai ba. Ga shi kuwa suna girma, wasu ma suna ninkuwa cikin awa ɗaya zuwa biyu.

Alamar amsar ta bayyana tun 1977. Robert Gunsalus, ɗalibi a ɗakin Wolfe, ya lura in ya zuba sinadarin mataki na ƙarshe cikin ruwan ƙwayoyin da aka farfasa, sai mataki na farko ya zabura. Ƙarshe na tayar da farko, ba a san ta yaya ba. Aka yi wa abin laƙabi da haruffan sunansa, RPG, aka ajiye. Fiye da shekara 30 yana nan a ajiye.

A 2008 Wolfgang Buckel da Thauer, suna aiki a kan wata bakteriya daban mai suna Clostridium kluyveri, suka gano wata dabara da ba a san ƙananan halittu na da ita ba. Sinadarin filabin, dangin bitamin B2, yana iya karɓar elektaron biyu daga wuri ɗaya ya raba musu hanya, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Guga biyu ne a igiya ɗaya da aka rataya a kan gungumen bakin rijiya: faɗawar wannan ita ke jan wancan. Sharaɗin kawai shi ne zurfin faɗuwar ya fi tsawon hawan. A 2011 Anne-Kristin Kaster da Thauer da abokan aikinsu suka nuna haka abin yake a Methanothermobacter marburgensis, wata mai yin metan da aka samo daga lakar matatar ruwan datti ta Marburg, mai son zafin digiri 65. Haidirojinas Mvh manne yake da enzayim Hdr mai kwance ɗaurin ko-enzayim M da B. Haidirojin biyu na shiga, elektaron huɗu ke nan. Biyu na gangarawa daga −414 zuwa −140, faɗuwar milibolt kusan 270; biyu na hawa zuwa feredoksin, hawan da bai kai 100 ba. In babu ɗaurin da za a kwance, feredoksin ba ya samun komai. Abin da Gunsalus ya gani ke nan: sharar mataki na ƙarshe ita ke biyan kuɗin mataki na farko, sodiyam kuwa ya tsira don ATP. Hanyar da ake zanawa a miƙe ashe da'ira ce, kuma a 2012 Thauer ya raɗa mata sunan Wolfe.

Hotunan siffa da suka biyo baya sun nuna girman kayan aikin. Enzayim ɗin mataki na farko, wanda aka fitar da siffarsa a 2016, na ɗauke da ƙullin baƙin ƙarfe da farar wuta har 46 a jere. Eha ma ba a banza yake ba. Ƙwayar na cire wasu sinadaran daga da'irar don gina jikinta, kuma John Leigh da mutanensa a Jami'ar Washington sun nuna a 2012 cewa Eha ke cike wannan giɓi, kaɗan-kaɗan, da ƙarfin sodiyam.

Ba duk masu yin metan ke bin wannan tsari ba. Dangin Methanosarcina suna da wasu furotin masu suna saitokurom a tantaninsu, da wani mai ɗaukar elektaron na uku, metanofenazin, wanda Uwe Deppenmeier da abokan aikinsa suka gano a Göttingen a 1998. Wannan ba ya narkewa a ruwa, a cikin maiƙon tantanin yake kai da kawowa, daga haidirojinas Vht zuwa wani nau'in Hdr, kuma kowace tafiya na tura furoton waje. Famfo ya ƙaru ke nan, har suna da rarar da za su biya mataki na farko kai tsaye ta Ech. Daga mol ɗaya na metan suna iya gina jiki har giram 7, alhali marasa saitokurom ba sa wuce 3. Sai dai tsarin da ke tatsar ƙarfi da yawa yana bukatar faɗuwa mai zurfi, don haka in haidirojin ta sauko ƙasa da faskal 10 sai ya tsaya. Masu guga biyu kuwa suna ci gaba da ci har ƙasa da nan. Shi ya sa a wuraren da haidirojin ke da ƙaranci su ke da rinjaye, dangin Methanosarcina kuma suka fi karkata ga asitet da metanol, abincin da yawancin saura ba sa iya ci.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne tumbin saniya. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015, a kan samfur 742 daga ƙasashe 35, ya tarar dangin Methanobrevibacter, marasa saitokurom, su ne suka mamaye tumbin dabbobi masu tuƙa kusan ko'ina a duniya, komai bambancin abinci. Wato dabarar da aka warware a Marburg tana aiki a cikin Bunaji da Rahaji da Bokoloji da ke kiwo a dajinmu, haka ma a hanjin mutane da yawa, inda Methanobrevibacter smithii ke zaune. Saniya na amfana da su, domin kwashe haidirojin ke barin narkewar ciyawa ta ci gaba. Tana kuma asara: tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincinta na fita a matsayin metan, mafi yawa ta gyatsa, ya je ya ƙara ɗumamar duniya.

Sanin siffar MCR, wadda aka fitar a 1997, shi ya ba da damar ƙera sinadarin 3-NOP, da ake sayarwa da sunan Bovaer, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi don shanun madara a 2022. Ya yi kama da ko-enzayim M mai ɗauke da kaya, don haka yana shigewa ramin enzayim ɗin ya lalata yanayin nikel ɗinsa. Tasirinsa na 'yan awoyi ne, sai an riƙa gauraya shi cikin abinci kullum, abin da ya dace da shanun da ake ciyarwa a rumfa, ba garken da ke wuni a daji ba. Kuma toshe mataki na ƙarshe ba ya hana bakteriyar tumbi fitar da haidirojin. A gwajin da Alexander Hristov ya jagoranta a Jami'ar Jihar Pennsylvania, wanda aka wallafa a 2015, shanu 48 aka bi har mako 12: metan ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, madara ba ta ragu ba, shanun da aka ba maganin sun fi sauran ƙara nauyi, haidirojin da suke gyatsawa kuwa ta ninka fiye da sau 60.